Mako Bakwai da Ban Faɗa wa Likita Ba

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da 'yan aji huɗu, kuma ban taɓa rubuta wa ɗan wani mummunar magana a katin sakamako ba. Ba wai yaran duk salihai ba ne. Na koyar da waɗanda sun isa su sa mutum ya ajiye alli ya koma sayar da ruwa. Shugabar makarantar da ta fara ɗaukata aiki ce ta kafa mana doka. Ta ce takarda tana bin yaro har girmansa, don haka alheri ake rubutawa, aibu kuwa a ja uwa ko uba gefe a faɗa musu da baki. Na riƙe dokar nan hannu bibbiyu, har ina koya wa sababbin malamai ita ina hura hanci. Ita na ɗauka na shiga da ita jinyar mijina.

Mijina gyaran firji yake yi, da na'urorin sanyaya ɗaki. Mai Sanyi ake ce masa a layin da shagonsa yake, kuma wanda ya raɗa masa sunan tsokana ya yi, don ban taɓa ganin mai zafin kai da son musu irinsa ba. Da rediyo ma musu yake yi. In na ce gishiri ya ji, sai ya ce shi bai ji ba. In na ƙara, ya ce so nake hawan jini ya kashe shi in gaji shago. Shekara ashirin da biyu muna haka, har 'yarmu tilo ta girma ta tafi jami'a ta bar mu muna yi. Yana ce mini Malama. Ni kuma Maigida nake ce masa in muna shiri, in ba ma shiri kuwa "kai" ta wadatar.

Ciwon farko da zazzaɓi ya zo, da ciwon kai. Kwana biyu yana haɗiyar ƙwaya yana fita aiki. A na uku ya fara zagaye gida yana shinshina soket, wai waya tana ƙonewa, ƙauri ya ishe shi. Ni ban ji komai ba, muka yi musu a kan wannan ma. A na huɗu mai sayar da fenti, maƙwabcinsa na shago, ya kira ni ina cikin aji. Ya ce in zo, Mai Sanyi ya faɗi tsakanin firji biyu yana jijjiga, baki duk kumfa.

A asibiti suka ɗauki hoton kansa, suka ɗebi ruwa daga ƙashin bayansa. Likitar ƙwaƙwalwa, wata siririyar mace mai tabarau wadda ba ta ɓarnar magana, ta ce ƙwayar cuta ce ta hau masa ƙwaƙwalwa ta kumbura ta. Irin wadda ke feso wa mutum ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi.

Na ce, "Wannan ɗan abin?"

Ta ce, "Shi fa. A yawancin mutane a leɓe yake tsayawa."

Kwana ashirin da ɗaya ana ɗura masa magani ta jijiya, sau uku a yini. A rana ta goma sha biyu ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon fankar ɗakin, sannan ya ce wanda ya ɗaura ta bai san aikinsa ba. Na fita baranda na yi ta kuka, har wata ma'aikaciyar jinya ta zo tana ba ni haƙuri, ta zaci rasuwa aka yi.

Ranar sallama Likita ta zaunar da mu. Ta ce an kashe ƙwayar, amma ta bar tabo: zai riƙa mantuwa, zai riƙa saurin fushi, a hankali wasu abubuwan za su dawo. Na ce fushi kam ba baƙonmu ba ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba tuƙi, ba taɓa wayar lantarki, ba shago, sai bayan wata uku, in ta ga ya dace ta sa hannu. Sannan ta juyo gare ni.

"Malamar makaranta ce ke, ko? To kin hutar da ni. Ki sami littafi, kullum ki rubuta yadda ya yini: barcinsa, cinsa, maganarsa, halinsa. Duk mako biyu ku zo mini da shi. Ni minti goma nake ganinsa, ke kuwa kina tare da shi dare da rana. In kin ga wani sabon abu, wanda babu shi yau, kada ki jira ranar zuwa."

Na ce mata rubutu ai sana'ata ce. Har da murmushi na faɗa.

Na ɗauki hutun zango guda. Na sayi littafi mai shuɗin bango, na ja masa layi da rula, kwanan wata a hagu. Bai zo mini a rai in ɓoye shi ba, a kan teburin cin abinci yake kwana. Kwana uku da farawa na fito daga kicin na tarar da shi ya saƙala tabarau yana karantawa, yana bin layi da yatsa. Jiyan na rubuta cewa ya tambaye ni sau huɗu ina 'yarmu take. Ya ɗago, jikinsa duk ya yi sanyi.

"Sau huɗu, Malama?"

"Ai ba wani abu ba ne. Likita ta ce za a yi haka."

"In ta ga wannan ba za ta sa hannu ba." Ya rufe littafin a hankali. "Shago in ya daɗe a rufe, mutane wani wuri suke komawa. Ni kuma in zauna in yi me? In riƙa taya ki jan layi?"

Daga ranar ya mayar da abin ɗabi'a. Kowace safiya, da kofin shayi a hannu, sai ya jawo littafin ya ce, "Nawa na ci jiya?" In ya ga magana mai daɗi sai ya yini da walwala, ya yi motsa jikin da aka ce ya yi, ya zagaya layinmu sau biyu. In ya ga akasin haka sai ya koma gado ya juya fuska bango, ko abinci ba ya taɓawa. Wane malami ne bai san wannan ba? Na san yaron da kalma ɗaya a kati take tayarwa, na san wanda take kwantarwa. Sai hannuna ya koma ga abin da ya saba. Na ce alheri a takarda, sauran in faɗa wa Likita da baki.

A watan farko ma babu wani abin ɓoyewa sosai, don da gaske yana samun sauƙi. Sunayen masu kawo masa gyara suka dawo masa. Ya tsaya a kaina yana gaya mini yadda zan sauya filogin dutsen guga, yana faɗa wai hannuna kamar na mai cin bashin ƙarfi. 'Yan dubiya suka rage sintiri, 'yarmu ta koma makaranta. Muka ce mun tsallake rijiya da baya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A mako na biyar barci ya ƙaurace masa. Da safe sai in tarar gefensa na gado ko lotsawa bai yi ba, shi kuwa yana falo ido tar, ya jera duk cokulan gidan a ƙasa daga babba zuwa ƙarami. Na rubuta: "Ya tashi da wuri. Yana son tsara kaya." Ba ƙarya ba ce fa. Ban taɓa rubuta ƙarya a littafin nan ba, kuma da wannan na riƙa rarrashin kaina.

Sai dariya ta biyo baya. Muna zaune shiru sai ya fashe da ita, ba dalili, ba daɗin ji, ya yi ta yi har hawaye, sannan ya tsaya ɗif kamar an ɗauke wuta. Na rubuta: "Yana cikin nishaɗi." Sai ya kwance firjinmu, lafiyayye, wanda shi da kansa yake cika baki da shi. Ya zare kwamfuresa, wato injin firjin, ya ɗora a kan gado, ya ce akwai mai saurare a ciki, duk abin da muka faɗa ana kai wa mai fenti. Nama da madara suka lalace, na kwashe na zubar. Na rubuta: "Sha'awar aikinsa tana dawowa." Wata rana ina shanya ya damƙe mini wuyan hannu, ya tambaye ni nawa aka ba ni in riƙa sa masa abu a shayi. Sawun yatsunsa ya kwana uku. Na sa riga mai dogon hannu, na rubuta cewa ya ɗan yi fushi amma ya huce.

A tsakiyar wannan akwai wata safiya da ya dawo daidai, kamar ba shi ba ne jiya. Ya zauna a bakin gado yana kallon kwamfuresar nan.

"Malama, wa ya cire wannan?"

"Kai ne."

 Ya dafe kai da hannu biyu. "Akwai abin da ke faruwa a nan ciki. Kamar wani ne ke tuƙi, ni ina baya ina kallo." Ya kamo gefen zanena. "Kada ki rubuta. Don girman Allah kada ki rubuta. Saura kaɗan wata ukun ya cika. In na koma shago, hannuna ya kama aiki, zai wuce."

Na ce masa to. Ni da ban taɓa ce masa to ba sai mun kai ruwa rana, ranar da ya kamata in yi musu ban yi ba.

Sau uku muka je wurin Likita a cikin waɗannan makonni. Abin da har yau na kasa sa mutane su gane shi ne yadda yake tattara kansa in za mu shiga. Ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya zauna hannu a gwiwa. Ta tambaye shi yau wace rana ce, ya faɗa daidai, don a cikin tasi ya tambaye ni sau biyar ya haddace. Ta ba shi kalma uku ya riƙe, ya dawo mata da biyu. Ta buɗe littafina tana juya shafi tana gyaɗa kai.

"Da duk masu jinya irinki ne, da na huta," in ji ta. "Akwai wani abu da ba ki rubuta ba?"

Ga dama ta samu. Da a makaranta ne, nan ne zan ce wa yaro ya je waje ya jira, in yi magana da uwarsa. Amma wannan ba yaro ba ne. Mijina ne, ɗan shekara hamsin da ɗaya, yana zaune dab da ni har ina jin ɗumin kafaɗarsa, ya zuba mini ido. Da wane baki zan ce masa ya fita? Na ce, "Sai godiya, Likita." A raina na ce in mun fito zan dawo ni kaɗai. Da muka fito layi ya kai bakin matakala, an riga an kira na gaba, shi kuma ya riƙe hannuna yana cewa, "Kin ji? Kin ji ta ce da kyau?" Rabon da ya riƙe hannuna a gaban mutane har na manta. Na bar maganar sai zuwa na gaba. Zuwa na gaba ma haka aka yi, na bayansa ma haka.

Akwai lambar waya a jikin katin asibiti, kuma na san da ita. Sau biyu na danna na kashe kafin ta shiga. Na ce wa kaina ai ta faɗa zai yi fushi, zai yi mantuwa, duk cikin tabon ne. Maganar gaskiya tsoro nake ji. Na ga mutumin nan ya leƙa lahira ya dawo sau ɗaya, ba ni da ƙarfin da zan furta da bakina cewa yana sake tafiya.

Yayarsa ce ta fasa ƙwan. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, bakinta kuma ya fi nasa kaifi. Ni ma Yaya nake ce mata. Ta yi tafiya wajen 'yarta da ta haihu, wata biyu ba ta gan shi ba. Ta shigo da hantsi tana sallama, ta same shi a kujera yana tauna, alhali babu komai a bakinsa. Harshe yana fitowa yana komawa, yatsun hannunsa na dama suna murza iska kamar mai kwance noti. Kwana tara ke nan da fara wannan, bayan zuwanmu asibiti na ƙarshe.

"Auta," ta ce. Bai waiga ba. "Auta!" Ta juyo kaina. "Tun yaushe yake haka?"

"Yana yi yana bari, Yaya. Da yamma yakan..."

"Ban tambaye ki yamma ba. Likitarsa ta sani?"

 Idonta ya sauka a kan littafin. Ta ɗauka ta buɗe shafin jiya, ta karanta a tsaye da ƙarfi, yadda nake sa yara su yi. "'Ya ci rabin kwano. Ya huta sosai. Ba ya yawan magana.'" Ta dube ni sama da ƙasa. "Ba ya yawan magana! Mutumin da ko a barci musu yake yi, ya koma kurma, ki rubuta ba ya yawan magana? Ke, ranar wanka ake ɓoyon cibi? Wa kike yi wa kwalliyar, likitar ko shi ko kanki?"

"Yana karantawa ne, Yaya."

"Yana karantawa! Dube shi da kyau. Wannan ne mai karatu?"

Na dube shi. Rabonsa da buɗe littafin ya fi mako biyu, kuma na sani. Na ci gaba da rubuta shi haka ne bayan mai karantawar ya daina, don ni ce ba na son in ga abin a rubuce.

Da muka zo shirya shi jikinsa ya sandare. Yaya ta ɗaga masa hannu za ta zura riga, da ta saki sai hannun ya tsaya a sama inda ta bar shi. A nan ne ta daina faɗa ta fara salati. Maƙwabta biyu ne suka ciccibe shi zuwa mota.

Aka sake hoton kai, aka sake ɗiban ruwan baya. Bayan kwana biyu Likita ta kira mu ofishinta, ni da Yaya.

"Na zaci ƙwayar ce ta dawo," ta ce, "amma babu ita, ta mutu tun tuni. Wannan wani abu ne daban. Lokacin da ƙwayar ta yi ɓarna a ƙwaƙwalwarsa, garkuwar jikinsa ta shiga yaƙi. A can ta ci karo da sassan ƙwaƙwalwa da ba ta saba gani ba, ta ɗauke su abokan gaba. Ƙwayar ta tafi, ita ba ta ajiye makami ba. Yanzu jikinsa ne da kansa yake kumbura masa ƙwaƙwalwa. Gwajin da zai tabbatar sai nan da kwanaki, amma ba zan jira shi ba. Wannan ciwon yana samun kusan ɗaya cikin huɗu na masu irin ciwonsa na farko, shi ya sa na ce a sa ido."

"Yana da magani?" in ji Yaya.

"Yana da shi. Kuma yana jin magani in an tare shi da wuri." Ta jawo takarda. "Malama, yaushe ya fara rashin barci? Ainihin ranar nake so."

Na san ranar, ina da kan riƙe kwanan wata. Na faɗa mata. Ta bi kalandar teburinta da bakin biro tana ƙirgawa, ta koma ta sake. Mako bakwai. Sannan ta buɗe littafina ta nemo ranar, ta karanta abin da na rubuta, ta juya shafi, ta sake juyawa. Na so ta ɗaga murya. Na so ta jefe ni da shi. Tabarau kawai ta cire ta murza ido, ta ce, "To. Yanzu ba ni wanda ba ki rubuta ba." Sai na ba ta, da cokula da dariya da firji da wuyan hannuna, tiryan-tiryan, ban tsallake ko ɗaya ba. Minti ashirin ina magana. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ashe duk yana nan a kaina, a jere, kowanne da ranarsa.

Suka fara da allurai masu ƙarfi na danne garkuwar jiki, kwana biyar. Bai ko gezau ba. Suka kawo wani ruwa a kwalabe, shi ma kwana biyar. Suka haɗa shi da injin da ke tace jini yana cire abin da ke yaƙarsa. A mako na biyu numfashinsa ya fara ɗaukewa, aka tura shi ɗakin kulawa ta musamman, aka zura masa bututu a maƙogwaro. Kwana talatin da takwas ya yi a can, rai kwakwai mutu kwakwai. Minti goma sha biyar ake ba mu da azahar, mu sa shuɗiyar riga da takalmin roba, mu tsaya mu kalle shi bakin yana ta tauna bututun. 'Yarmu ta bar jarrabawa ta zo. Ba ta taɓa tambayata komai ba, kuma har yau ban san ko Yaya ta gaya mata ba.

Yaya ta yi wata guda ba ta yi mini magana sai ta dole. Sannan wata rana a bencin baranda ta miƙo mini gorar ruwa, ta ce, "Sha. Ƙaddara ce. Ke ma don kina son sa ne." Wallahi na fi son zaginta. Da tana zagina na san akwai wanda ya riƙe abin da na yi a matsayinsa.

Bayan wata huɗu aka sallame shi. Masu zuwa dubiya suna cewa an auna arziki, kuma an auna. Yana tafiya da ƙafarsa, yana ci da hannunsa, taunar nan ta daina, yana barci. Ya san ni, ya san Yaya, ya san 'yarsa. Abin da ya faru shekara ashirin da suka wuce yana nan daram, har lambar babur ɗin da ya sayar kafin mu yi aure. Amma sabon abu ba ya zama a kansa. Minti goma, in ya daɗe sha biyar, sai ya zube. Yakan gama karya kumallo, in kwashe kwanuka, ya tambaye ni cikin ladabi ko yau ba za a karya ba ne. Shagon mun mayar wa mai shi da mabuɗinsa. Kayan aikin suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, bai tambaye su ba.

Musun ma ya tafi. Wannan ne mutane ba sa ganewa in na faɗa, har wata abokiyar aikina ta ce ai gaba ta kai ni. Komai na ce sai ya ce, "To, Malama." Wata rana na gwada shi, na ce masa na ji an ce firji ya fi sanyi in an bar ƙofarsa a buɗe. Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Mai yiwuwa." Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Da aka yi wata shida da sallamarsa na koma wurin Likita ni kaɗai. Yanzu kam na iya, ihu bayan hari. Na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, da na yi magana a makon farko, da yaya yake a yau.

Ta daɗe tana juya biro. "Waɗanda aka fara wa magani da wuri sun fi samun sauƙi, wannan ba zan ɓoye miki ba. Amma hoton kansa ba ya nuna mini wace ɓarna ce ta ciwon farko, wace ce ta na biyu. Wataƙila da ya koma shago. Wataƙila da hakan zai kasance. Ni ma ina da nawa laifin. Na ga littafi tsaf-tsaf na saki jiki, ban taɓa fitar da shi na tambaye ki ke kaɗai ba. Yanzu kowa haka nake yi masa."

"Zai ƙara dawowa?"

"Kaɗan, wataƙila. Amma kada ki zauna jiran mutumin da."

Na yi mata godiya na fito. Hukunci na je nema, ta raba laifin biyu ta ɗauki rabi, ni kuwa nawa ko kaɗan bai ragu ba.

Saura mutum ɗaya da yake da hakkin ya hukunta ni. Ranar Asabar da la'asar muna baranda yana taya ni ninke wanki, aikin da a da ko kallonsa ba ya yi. Na karɓe rigar da ke hannunsa, na jawo kujera na zauna a gabansa.

"Maigida, zan faɗa maka wata magana. Ka saurara da kyau."

"To, Malama."

Na faɗa da sauri, don na san lokacin da nake da shi. Ka yi ciwo sau biyu. Na biyun yana da magani in an yi hanzari. Na ga alamunsa tun ranar farko, mako bakwai ina gani, sau uku likita ta tambaye ni na ce sai godiya. Shi ya sa ba ka shago. Shi ya sa ba ka san abin da ka ci ɗazu da rana ba. Ban sassauta ko kalma ɗaya ba, ban kuma gaya masa cewa shi ya roƙe ni in yi shiru ba, don ba kariya na zo nema ba.

Ya tsura mini ido. Sai na ga jijiyar nan ta gefen goshinsa ta tashi, wadda na fi shekara ban gani ba.

"Mako bakwai?" ya ce. "Ke? Ke da in yaro ya yi tari sau biyu sai kin aika a kira uwarsa? Kina kallona ina lalacewa kika ja bakinki kika yi shiru? Wa ya ce miki lallashi nake so? Ni ɗan ajinki ne?" Ya daki tebur har kwandon wanki ya kife. "Kin cuce ni, Malama. Wallahi kin cuce ni. Shagon nawa..." Ya nuna mini ƙofa. "Tashi ki ba ni wuri. Ba na son ganinki."

Allah ya sani, daɗi na ji. Ina kuka ina jin daɗi, don shi ne, mijina ne, da muryarsa da zafinsa. Na tashi na shiga kicin kamar yadda ya ce, na dafa wurin wanke-wanke, ina roƙon Allah ya bar masa fushin nan. Allah ya sa ya kwana da shi. Ya yi wata ba ya yi mini magana. Ya sake ni ma in ya ga dama, in dai zai riƙe dalili.

Ina jin hucinsa daga baranda. Can hucin ya lafa. Sannan na ji yana tsince kayan da suka zube, yana mayarwa kwando ɗaya bayan ɗaya. Sai ga takunsa. Ya tsaya a ƙofar kicin da tawul a hannu, ya ninke shi tsaf, idonsa ya ɗan yi ja amma fuskar a sake take.

"Malama, wannan a ina ake ajiyewa?"

Sai ya ga fuskata. Ya ajiye tawul ɗin, ya matso, ya sa babban yatsa ya share mini kunci.

"Subhanallahi. Kuka kike yi? Wa ya taɓa min ke? Faɗa mini ko wane ne."

Ya tsaya, da gaskensa, yana jira in faɗa masa.